Muhammadu Abubakar Rimi, Limamin Canji: Gwamnan da ya soke haraji da jangali

  A wannan makon za mu leƙa Kano ne, domin mu waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan farar hula na farko a jihar, wanda magoya bayansa suka yi wa laƙabi da Limamin Canji.

Abin da ya sa muka ɗauko shi kuwa shi ne, a nan Magazin ta Suwame da ke Kumasi, duk ranar da masu yankan tikiti suka shigo da sabon farashi, ko kuma ma'aikatan gwamnati suka tafi yajin aiki, to ranar gardama ba ta ƙarewa a rumfunan masu sayar da kayan mota da garejin makanikai. Haka nan wayoyin gidan rediyonmu ba sa hutawa. Kuma da wuya a tashi daga irin wannan gardama ba tare da wani dattijo daga cikin mutanen Zango ya ambaci sunan Rimi ba, a matsayin shugaban da ya taɓa ɗauke wa talaka haraji da rana tsaka. Mu da aka haifa a shekarun da yake mulki, da kunne muka san shi. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin nasa daki-daki, mu ga abin da ya soke, da inda ya samo kuɗin da ya maye gurbinsa, da kuma yadda aka ƙare.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Abubakar a shekarar 1940 a ƙauyen Rimi da ke ƙasar Sumaila, kudu da birnin Kano, kuma sunan ƙauyen ne ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Bayan karatun farko, ya samu horo a Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki ta Zariya, ya kuma koyar a makarantar horar da akawuna ta Sakkwato. Mutum ne da bai yarda ya tsaya inda takardarsa ta farko ta ajiye shi ba. Ya ci gaba da karatu yana aiki, har ya tafi Ingila, inda ya yi karatun hulɗar ƙasa da ƙasa a Landan, daga baya ya samu digiri na biyu a wannan fanni a Jami'ar Sussex. Ya kuma yi aiki a Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje ta Nijeriya da ke Legas.

Ta fuskar siyasa kuwa, ya taso ne cikin aƙidar jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, wadda kuma Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Tun a 1964 ya fara neman kujerar majalisar tarayya daga mazaɓar Sumaila, amma bai kai gare ta ba. Sai a 1977 ya shiga majalisar da ta tsara kundin mulkin jamhuriya ta biyu, kuma a nan ne mutanen ƙasa suka fara sanin kaifin bakinsa. Da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, ya bi Malam Aminu zuwa sabuwar jam'iyyar PRP, aka zaɓe shi mataimakin sakatarenta na ƙasa.

Wani abin lura shi ne, tun kafin a kaɗa ƙuri'a a 1979 maganar haraji ta fara bibiyar PRP, domin hukumar zaɓe ta FEDECO ta so ta hana Malam Aminu Kano da Dokta Nnamdi Azikiwe takarar shugaban ƙasa bisa batun takardun biyan haraji, sai da kotu ta wanke su. A Kano ma ba Rimi ne ɗan takarar gwamna na farko ba. Sai da hukumar ta ƙi amincewa da Injiniya Salihu Iliyasu sannan tuta ta faɗo hannunsa. Ya ci zaɓe, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, 1979, yana da shekara 39 a duniya. A tuna cewa Jihar Kano ta wancan lokaci ta haɗa da Jigawa ta yau, wadda sai a 1991 aka cire ta, wato ke nan Haɗeja da Gumel da Kazaure da kasuwar shanu ta Maigatari duk suna ƙarƙashinsa.

Mene ne haraji da jangali?

Yaran yanzu da suka saba jin kalmar haraji a kan duk wani kuɗi da hukuma take karɓa, ba lalle su gane nauyin abin da ake magana a kai ba. Harajin wancan zamani kuɗin kai ne. Duk namiji baligi sai ya biya a kowace shekara, ko ya samu ko bai samu ba. Asalinsa yana komawa ga kuɗin ƙasa da sarakuna suke karɓa tun kafin zuwan Turawa, amma bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903 sai suka tsara shi, suka mayar da shi tsabar kuɗi, suka kuma ɗora gudanar da mulkin En'e a kansa. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Daga nan ake biyan sarki da hakimai da alƙalai da 'yan doka da ma'aikatan gidan yari.

Ciwon da ke cikin abin shi ne lokacin karɓa da kuma yadda ake karɓar. Da kaka ake matsa wa mutane, lokacin da hatsi ya fi araha, sai manomi ya kwashi gero da dawa da gyaɗa ya sayar a wulaƙance domin ya samu takardar haraji, sannan da bazara ko tsakiyar damina ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya ci bashi. Wanda ya kasa biya kuwa, dattawa sun sha ba mu labarin yadda ake ɗaure mutum a rana a ƙofar gidan dagaci, ko a kama akuyarsa a sayar, a gaban matansa da 'ya'yansa. Shi kuma jangali kuɗin shanu ne, ana ƙirga kai a biya, galibi da damina lokacin da makiyaya suka zauna wuri ɗaya. Shi ya sa Fulani suka ƙware wajen ɓoye garke a daji ko tsallaka iyaka da shi idan masu ƙirga sun doso.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye a nan Gana. Gaskiya ne cewa fataucin goro ta hanyar Gwanja da Salaga ne ya fara kawo Hausawa wannan yanki, amma cikin waɗanda suka cika zangunanmu a zamanin Turawa akwai 'yan cin rani da yawa da suka fito neman kuɗin haraji, wasu kuma suka fito domin gudunsa, suka yi aure suka zauna. Su ma da suka iso sun tarar da lampo yana jiransu. Saboda haka idan tsohon Bazango ya ji an ce wani gwamna ya soke haraji, ya san abin da ake nufi fiye da yadda takarda za ta gaya masa.

Soke haraji da ranar ma'aikata

Yaƙi da wannan tsari yana cikin manyan abubuwan da NEPU ta rayu a kansu, kuma 'ya'yanta da yawa sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai saboda shi. Don haka da PRP ta samu jihohi biyu a 1979, Rimi a Kano da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, ba su ɓata lokaci ba. A kwanakin farko na mulkinsu suka ba da sanarwar soke haraji da jangali. Abin da aka yi kusan shekara 30 ana fafutuka a kai, ya tabbata da sa hannu ɗaya. Ba a jima ba wasu jihohin Arewa da ke hannun wasu jam'iyyu suka bi sahu, domin babu gwamnan da zai iya ci gaba da aika dagatai karɓar kuɗin kai alhali maƙwabcinsa ya daina.

Bayan manoma da makiyaya, sai ya juya ga ma'aikata. A 1980 gwamnatinsa ta ayyana ranar 1 ga Mayu a matsayin ranar hutu domin girmama ma'aikata, abin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa yi ba a lokacin. Mu a Gana mun san wannan biki tun zamanin Kwame Nkrumah, amma a Nijeriya sai da Kano ta buɗe ƙofa sannan gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta mayar da ranar hutu a duk ƙasa daga 1981. A lokacin ƙungiyar ƙwadago ta NLC ba ta daɗe da kafuwa ba, domin a 1978 aka haɗa ta ƙarƙashin jagorancin Alhaji Hassan Sunmonu. A watan Mayu na 1981 ta kira yajin aikin gama-gari tana neman a mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 300 a wata, aka daidaita a kan Naira 125, aka kuma kafa doka a kai. Wannan doka ta hau kan kowace gwamnatin jiha, har da ta Kano.

Gwamnatin Rimi ba ta tsaya nan ba. A 1980 ta kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci ta jiha, wadda ta buɗe azuzuwan manya maza da mata a birni da ƙauye, har hukumar UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. Ta kafa kamfanin jaridar Triumph, ta kafa gidan talabijin na CTV wanda a yau ake kira da sunansa, ta kuma ba da ƙarfi wajen kai wutar lantarki da ruwan sha da hanyoyi zuwa karkara. Majalisar kwamishinoninsa ta yi suna saboda yawan matasa masu digiri da ke cikinta. Ga shi kuma da baiwar magana, ko da Hausa ko da Turanci, ta yadda idan zai yi jawabi a rediyo mutane kan bar abin da suke yi su kewaye akwati.

To da wane kuɗi?

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya gyara zama, domin shi ya fi kowa sanin cewa ba a rufe ƙofar shigar kuɗi a kuma ƙara yawan masu cin abinci sai idan akwai wata ƙofar a buɗe. Rimi ya soke kuɗin shiga, ya ƙara makarantu da ma'aikata da ayyuka, kuma ga sabon albashi. Abin da ya ɗauki wannan nauyi duka shi ne kason man fetur da ake rabowa daga Legas, babban birnin ƙasar a lokacin. A 1979 Nijeriya tana haƙo fiye da ganga miliyan 2 a kowace rana, farashi kuma ya yi tashin gwauron zabo saboda juyin juya halin Iran. Idan aka gwada da wannan kaso, abin da haraji da jangali suke kawowa ya zama ɗan kaɗan, har ana ganin wahalar tara shi ta fi amfaninsa. Irin haka ta faru a Nijar a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom ya ba gwamnatin Seyni Kountche damar sauke wa talakawa kuɗin kai.

Sai dai kasuwar duniya ba ta da amana. Daga tsakiyar 1981 mai ya yi kwantai, abin da Nijeriya take fitarwa ya yi ta raguwa, zuwa 1983 kuɗin da take samu daga mai bai kai rabin na 1980 ba. A watan Afrilu na 1982 gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, aka takura shigo da kaya, abin da duk mai harkar kan iyaka a lokacin ya ji a jikinsa. Jihohi da dama suka kasa biyan malaman makaranta da sauran ma'aikata na tsawon watanni, yajin aiki ya zama ruwan dare. A watan Janairu na 1983 kuma aka kori baƙi marasa takardu, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka kwaso kayansu suka dawo gida ta Aflawo da tashar jirgin ruwa ta Tema. Akwai mastoci a nan Magazin da suka koyi aiki a Legas da Kano, waɗanda wannan kora ce ta dawo da su.

Masu sukar Rimi a nan suke kafa hujja. A ganinsu ƙananan hukumomi ne suka yi asara, domin haraji da jangali su ne kuɗin da suke tarawa da hannunsu, da aka soke su sai suka koma zaman jiran abin da za a turo daga sama, talaka kuma ya rage tambayar inda kuɗi suke tafiya tunda ba daga aljihunsa aka cira ba. Magoya bayansa kuma suna ganin kuɗin da sai an ɗaure mutum a rana kafin a same shi ba abin da za a yi kewarsa ba ne, kuma a duk shekarun da talaka ya yi yana biya babu wanda ya taɓa ba shi damar tambayar hakimi lissafi. A namu ganin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma ta magoya baya ta fi nauyi, saboda harajin da yake daidaita mai shanu ɗari da wanda ba shi da ko kaza zalunci ne tun daga tushe. Inda aka yi sake shi ne, ba a yi amfani da shekarun yalwa an gina wata hanya ta adalci da za a riƙa karɓa daga masu hali ba.

Santsi da Taɓo

Tun kafin kuɗi su ja baya, rigimar siyasa ta riga ta kunno kai. Rimi da Balarabe Musa sun riƙa halartar taron gwamnoni tara na jam'iyyun adawa, wato biyar na UPN, biyu na GNPP da su biyu na PRP. Shugabannin jam'iyya ƙarƙashin Malam Aminu Kano suka hana, gwamnonin suka ƙi bari, a 1980 aka ce an kore su. PRP ta dare gida biyu, ɓangaren gwamnoni ake kira Santsi, na Malam kuma Taɓo. Wanda ya shugabanci ɓangaren gwamnonin shi ne Cif Michael Imoudu, tsohon shugaban ma'aikatan jirgin ƙasa wanda ya yi suna a babban yajin aikin 1945, kuma wannan ya nuna irin kusancin da ke tsakanin Rimi da 'yan ƙwadago. Amma hukumar zaɓe ɓangaren Malam ta amince da shi. Rabuwar ta shiga gidaje da kasuwanni, har ta kai majalisar jiha ta tsige mataimakin gwamna Alhaji Ibrahim Bibi Faruk a 1981, aka naɗa Alhaji Abdu Dawakin Tofa. A Kaduna kuwa, majalisar da 'yan NPN suka fi yawa a cikinta ta tsige Balarabe Musa a watan Yuni na 1981.

Ana cikin haka, a watan Disamba na 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke a birnin Kano, inda alƙaluman hukuma suka nuna mutum fiye da 4,000 sun rasa rayukansu kafin sojoji su kwantar da shi. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga rigima da fada. Soke haraji dama ya rage wa hakimai da dagatai ƙarfi, domin karɓarsa ce babbar sandar da suke riƙe da ita a kan talakawa. Gwamnati ta ƙara da ƙirƙiro sababbin masarautu daga cikin ƙasar Kano, ciki har da Gaya da Rano da Dutse. Sannan a farkon watan Yuli na 1981 aka aika wa Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma, wadda mutane da yawa suka ɗauka a matsayin share fagen tuɓe shi. Ranar 10 ga Yuli gari ya kama da wuta. Aka ƙona gidan Rediyon Kano da wasu ma'aikatu da gine-ginen gwamnati, aka kuma kashe mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa, Dokta Bala Muhammad, malamin Jami'ar Bayero wanda masu sauraro suka san muryarsa a Sashen Hausa na Muryar Amurka. Har yau ana gardama a Kano kan wanda ya fi laifi a wannan rana, amma ko masoyan Rimi da yawa sun yarda cewa zafin kai na ƙuruciya ya taka rawa a yadda aka rubuta wa sarki waccan takarda.

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. A watan Mayu Rimi ya ajiye muƙaminsa domin ya yi takara a jam'iyyar NPP ta Azikiwe, Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Wannan ajiye mulki da ya yi da kansa abu ne da ba a saba gani ba, kuma ana yaba masa a kai. Sai dai a zaɓen da ya biyo baya Kanawa suka tsaya wa jam'iyyar Malam, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi, ya kuma rushe sababbin masarautun da aka ƙirƙiro.

Bayan mulki

Ranar 31 ga Disamba, 1983 sojoji suka kifar da jamhuriya ta biyu, Janar Muhammadu Buhari ya hau. Rimi yana cikin tsofaffin gwamnonin da aka tsare, kotun soja ta yanke masa hukuncin ɗauri bisa tuhumar da ta shafi kuɗi, sai a zamanin Janar Ibrahim Babangida ya samu fitowa. A waɗannan shekaru na soja, da baitulmali ya bushe, aka dawo da karɓar kuɗin kai da na shanu a jihohin Arewa, wani wuri da tsohon suna, wani wuri da sunan kuɗin raya ƙasa. Dokar 1998 da ta jera irin kuɗin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ma ta sa harajin shanu da kuɗin kasuwa a cikin kason ƙananan hukumomi. Amma tsohon tsarin ɗaure mutum a ƙofar dagaci bai sake samun gindin zama kamar da ba, kuma wannan riba ce da ba a iya ƙwace wa talaka ba.

Rimi bai bar siyasa ba. Yana cikin jiga-jigan SDP da suka mara wa Cif Moshood Abiola baya a zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Amma bayan an soke zaɓen, sai ga shi ya karɓi muƙamin ministan sadarwa a gwamnatin Janar Sani Abacha, abin da masu suka ba su taɓa yafe masa ba. Daga baya ya juya wa Abacha baya, ya shiga cikin 'yan siyasar da suka fito fili suka ƙi amincewa da shirinsa na zarcewa, aka tsare shi a 1998 tare da abokin tafiyarsa Alhaji Sule Lamido. Wannan rukuni ne ya zama tushen jam'iyyar PDP. A 2003 ya nemi tutar takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar, Cif Olusegun Obasanjo ya yi nasara. A 2006 ya koma AC, daga baya ya dawo PDP. A watan Janairu na 2006 ne kuma aka yi wa uwargidansa kisan gilla a gidansu da ke Kano, jarrabawar da ta girgiza shi ƙwarai.

Ranar 4 ga Afrilu, 2010, yana dawowa daga Jihar Bauchi da dare, 'yan fashi suka tare motarsa a hanya. Ba su ji masa rauni ba, amma bayan an rabu jikinsa ya rikice, aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda rai ya yi halinsa. Ya rasu yana da kimanin shekara 70. Babbar kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda da yawa daga cikin masu karanta wannan fili suke saro kaya a cikinta, sunansa take ɗauke da shi.

Abin da ya rage mana

Mu a Gana ba mu zaɓen gwamna. Shugaban ƙasa ne yake naɗa ministan yanki, shi ne kuma yake gabatar da shugabannin majalisun gundumomi, ciki har da ta Suwame da aka cire daga Kumasi a 2018. Amma gardamar iri ɗaya ce. Mun ga yadda zanga-zangar Kume Preko ta 1995 ta sa aka janye harajin VAT, aka kuma dawo da shi a 1998. Mun ga harajin tura kuɗi ta waya da aka kawo a 2022, aka soke shi a 2025. Mun kuma ga yadda matasan Magazin suka fito kan titi a 2022 saboda lalacewar hanya, suna tambayar amfanin kuɗin da ake karɓa a hannunsu.

Tarihin Rimi ya koya mana mu riƙa yin tambaya biyu. Idan an kawo sabon kuɗi, mu tambaya ko an auna shi da ƙarfin mai biya, ko ana ba da rasit, ko ana karɓarsa cikin mutunci, da kuma aikin da za a yi da shi. Idan kuma ɗan siyasa ya yi alkawarin sokewa, mu tafa masa, sannan mu tambaye shi inda zai samo albashin malamin makaranta da nas da mai kwasar shara, domin mun ga abin da ya faru da jihohin Nijeriya da man fetur ya faɗi. Ma'aikacin da ke yajin aiki da ɗan kasuwar da ke ƙorafin tikiti daga tukunya ɗaya suke ci, kuma albashin ma'aikacin nan a kasuwa yake ƙarewa, a gaban teburinmu. Zai fi mana amfani ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu gareji da na ma'aikata su riƙa zama tare suna neman a karanta musu lissafin majalisar gunduma a bainar jama'a, maimakon kowa ya riƙa ganin ɗan uwansa ne matsalarsa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya saka masa da alherin da ya yi wa talakawa. Mu kuma Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi da sanin lissafi, Ya sa albarka a kasuwanninmu.